BABI NA UKU: HANYOYIN RAGE ZAFI A CIKIN TSOHUWAR MOTA, TARE DA MISALI DAGA PEUGEOT 504

3.0 Gabatarwa

A wannan babi an yi bayani a kan matsalar zafi mai tsanani da ke taruwa a cikin tsohuwar mota, da wuraren da zafin ke fitowa, da illolinsa ga direba da fasinja, sa'annan da matakan da ake bi domin a rage shi. An zaɓi mota ƙirar Peugeot 504, wadda Hausawa ke kira Fijo, ta zama abin misali, saboda daɗewar da ta yi a kan hanyoyin ƙasar Hausa, da kuma kasancewar makanikai sun san ta ciki da waje. Duk da haka, mafi yawan abin da aka faɗa a kanta ya shafi sauran motocin zamaninta masu inji a gaba. An jera matakan gyara daga mafi sauƙi da araha zuwa mafi tsada, domin bin wannan tsari ne ke hana mai mota kashe kuɗi a inda bai kamata ba.

3.1 Taƙaitaccen Tarihin Motar

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da ƙirar 504 a shekarar 1968, kuma kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya tsara fasalin jikinta. A shekarar 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara ta nahiyar Turai. A Nijeriya an fara harhaɗa motocin Peugeot a masana'antar da ke Kakuri, Kaduna, a shekarar 1975. An daina ƙera 504 a Faransa a 1983, a Ajantina kuwa sai a 1999, amma a Kaduna an ci gaba da harhaɗa ta har zuwa tsakiyar shekarun 2000. Wannan ne ya sa ta zama motar ma'aikatan gwamnati, motar iyali, kuma motar haya a tashoshin Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram.

Injinta mai silinda huɗu ne, an kwantar da shi a karkace, yana gaba, ƙafafun baya kuma su ke jan motar. Ma'anar haka ita ce giyabos da bututun salansa duk suna bi ta ƙarƙashin wurin zaman mutane. Wannan tsari shi ne tushen yawancin zafin da za a yi magana a kansa. Matsalar ba ta Fijo kaɗai ba ce. Motocin Ingila irin su Austin-Healey 3000 ta 1959 da Jaguar E-Type ta 1961 sun yi suna wajen gasa ƙafar direba, domin injinsu babba ne kuma yana daf da wurin zama.

3.2 Inda Zafin ke Fitowa

Zafin cikin mota yana da tushe guda uku: inji, salansa, da kuma rana.

Dangane da inji, a cikin ƙarfin da ke cikin man fetur, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ne kawai ke tafiyar da mota. Ragowar duk zafi ne. Wani ɓangare yana fita ta salansa, wani kuma ruwan lagireto ne ke kwashe shi. Ruwan injin da ke aiki daidai yakan tsaya tsakanin digiri 80 da 90 a ma'aunin Selshiyos. Iskar da fanka ta jawo ta cikin lagireto tana ɗaukar wannan zafi, ta bugi katangar ƙarfen da ta raba ɗakin inji da ɗakin fasinja.

Dangane da salansa, bakin bututun da ke manne da inji, watau manifol, yana iya haura digiri 500 idan mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu. Bututun yana bi ta ƙarƙashin daɓen mota, tazarar da ke tsakaninsu kuwa 'yar kaɗan ce.

Dangane da rana, da tsakar rana idan sama ta washe, kowace murabba'in mita ɗaya tana karɓar kimanin wat 1000 na ƙarfin rana. Hasken yana ratsa gilashi ya sauka a kan kujeru da dashbod, su kuma su yi zafi su riƙa fitar da huci. Wannan huci ba ya iya ratsa gilashin ya koma waje cikin sauƙi, iskar da ta ɗumama kuma ba ta da mafita, sai zafin ya yi ta taruwa. A watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai ke wuce digiri 40, rana ita kaɗai ta isa ta mai da mota kamar tanda.

3.3 Yadda Zafi ke Shiga Cikin Mota

Masana kimiyya sun bayyana hanyoyi uku da zafi ke bi ya tashi daga wani wuri zuwa wani. Sanin su wajibi ne, domin kowace hanya da irin maganinta.

(a) Ta jikin abu. Ƙarfe yana miƙa zafi daga wannan gefe zuwa wancan, kamar yadda cokalin da aka bari a cikin tukunya ke ƙona hannu. Haka katangar inji da daɓen mota ke yi. Maganinsa shi ne a shimfiɗa abin da zafi ba ya ratsawa da sauri.

(b) Ta hanyar iska. Iska mai zafi tana kutsawa ta kowace kafa da ta samu. Maganinsa shi ne toshe kafofin.

(c) Ta hanyar huci. Abu mai zafi yana jefa zafinsa ga abin da ke kusa da shi ko da ba su taɓa juna ba, kamar yadda mai zama kusa da murhu ke jin wuta a fuskarsa. Haka salansa ke gasa daɓe. Maganinsa shi ne a sa garkuwa mai ƙyalli a tsakani.

Kuskuren da aka fi yi shi ne amfani da maganin wata hanya a kan wata. Misali, wanda ya ninka kafet a ƙasan mota alhali akwai kafa a buɗe a katangar inji, bai yi maganin komai ba.

3.4 Illolin Zafi ga Direba da Fasinja

Illa ta farko ita ce gajiya. Zafi yana sa zufa da ƙishirwa, ya kawo kasala da gyangyaɗi, hankalin direba ya ragu a kan hanya. Direban haya da ke dogon zango da rana shi ya fi fuskantar wannan haɗari, tare da duk rayukan da ya ɗauko.

Illa ta biyu ta shafi motar da aka ajiye a rana. Wani bincike da aka gudanar a Jami'ar Stanford ta Amurka, aka buga a mujallar Pediatrics a shekarar 2005, ya nuna cewa a cikin awa ɗaya zafin motar da ke rufe a rana yakan ƙaru da kimanin digiri 22 a kan na waje, kuma kashi 80 cikin 100 na ƙarin yana faruwa ne a cikin minti 30 na farko. Binciken ya kuma nuna cewa ɗan sassauta gilashi bai kawo wani bambanci mai yawa ba. Jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, saboda haka barin yaro a cikin mota, ko da na ɗan lokaci ne, yana iya kai shi ga halaka.

Illa ta uku ita ce mafi ɓoyuwa. Kafar da iska mai zafi ke bi, ta nan hayaƙin inji ke bi. A cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari. Tana kama sinadarin jini mai ɗaukar iskar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin fiye da sau 200. Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci, waɗanda sau da yawa akan ɗauka zafi ne kawai ya jawo su. Tsofaffin motoci masu kafireto, da ba su da na'urar tace hayaƙi, sun fi na yanzu fitar da wannan iska nesa ba kusa ba. Ke nan rage zafi a irin waɗannan motoci aiki ne na kare rai.

3.5 Matakan Rage Zafi

3.5.1 Gyaran Inji da Hita

Kafin a sayi komai, ya kamata a tabbatar injin ba ya yin zafin da ya wuce ƙa'ida. A wanke lagireto ciki da waje, a duba fambel ko ya saki, a duba famfon ruwa, a kuma canja murfin lagireto idan robarsa ta mutu. Murfin yana riƙe matsi a cikin ruwa, matsin kuma shi ke hana ruwan tafasa a digiri 100. Haka nan a daidaita lokacin wutar fulogi da ma'aunin mai a kafireto, domin idan wuta ta makara ko mai ya yi ƙaranci a cikin iska, zafin salansa yana ƙaruwa sosai.

Akwai al'adar cire tamostat da ta yaɗu a tsakanin makanikai, bisa tunanin cewa a ƙasa mai zafi ba a bukatarsa. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa har inji ya ɗumama, daga nan ya buɗe. Idan yana da lafiya, ba shi ke sa inji zafi ba. Cire shi yana jinkirta ɗumamar inji da safe, ya ƙara shan mai da cin ƙarfe, kuma ba ya ƙara wa lagireton da ya toshe ƙarfin sanyaya ruwa. Abin da ya dace shi ne a canja wanda ya lalace.

Motocin da aka shigo da su daga Turai suna zuwa da hita, watau ƙaramin lagireto da ke ƙarƙashin dashbod, wanda ruwan inji ke bi ta cikinsa domin ɗumama mota a lokacin sanyi. Idan famfon da ke rufe ruwan ya cije a buɗe, ko wayar da ke jansa ta tsinke, ruwa mai digiri 80 zai riƙa zagayawa a gaban gwiwar direba ko da an kashe hitar. Ana gane haka ta taɓa robobin ruwa guda biyu da suka ratsa katangar inji. Idan dukansu suna da zafi sosai bayan an rufe hita, ruwa yana wucewa. Sai a gyara famfon, ko a sa wani na hannu, ko a haɗa robobin biyu a waje yadda ruwan ba zai shiga ciki ba.

A motar Volkswagen Beetle, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, tsarin daban ne. Injinta yana baya, iska ke sanyaya shi, hitarta kuma daga jikin salansa take ɗebo zafi. Idan ƙofofin hitar suka ƙi rufuwa zafi zai shigo, idan kuma salansar ta huje a cikin akwatin hitar, hayaƙi zai shigo kai tsaye.

3.5.2 Toshe Kafofi

Wannan mataki shi ne mafi araha, kuma galibi shi ya fi kawo sauƙi. A jikin katangar inji akwai ramuka da dama da wayoyin lantarki, sandar sitiyari, wayar totur, wayar buɗe bonet da robobin hita ke bi. Kowane rami yana da robar da ke toshe shi tun daga masana'anta. Bayan shekaru 30 ko 40 robobin sukan bushe su farfashe, wasu kuma rewaya ne ke cire su ya manta bai mayar ba. Lokacin da mota ke gudu, iskar ɗakin inji tana da matsi, idan kuma gilashi yana buɗe matsin cikin mota yakan ragu, sai iska mai zafi ta riƙa bulbulowa ta waɗannan ramuka.

Hanya mai sauƙi ta gano su ita ce a ajiye fitila mai haske a ɗakin inji da dare, a rufe bonet, a shiga ciki a leƙa ƙarƙashin dashbod. Duk inda haske ya ɓullo, kafa ce. Sai a sa sabuwar roba, ko a cike da danƙo mai jure zafi. Haka kuma a duba robar gindin sandar giya da ta birkin hannu, da robar da bonet ke zama a kanta ta baya, domin idan ta mutu iskar inji tana iya zagayowa ta shiga mashigar iska da ke gindin gilashin gaba. Inda tsatsa ta huda daɓe, mai walda ne zai yanke ya sa sabon ƙarfe. A 504 doguwa mai ƙofar baya, robar wannan ƙofa tana da muhimmanci ƙwarai, saboda iskar da ke juyawa a bayan mota tana tura hayaƙin salansa ciki. Tafiya da ƙofar baya a buɗe saboda yawan kaya, kamar yadda ake gani a motocin haya, haɗari ne babba.

3.5.3 Garkuwar Salansa

Da farko a duba ko salansa tana yoyo, kuma a tabbatar tana rataye a inda aka tsara mata. Sau da yawa mai walda yakan ɗaga bututun ya kusanci daɓe domin kada ya riƙa bugun ƙasa, wannan kuma yana ƙara zafi. Bayan haka sai a sa garkuwa ta farantin alminiyom tsakanin bututun da daɓe. Alminiyom mai ƙyalli yana mayar da fiye da kashi 90 cikin 100 na hucin da ya sauka a kansa. Sharaɗin aikinsa shi ne a bar tazara ta iska a kowane gefe, ko da ta santimita ɗaya ko biyu ce. Idan farantin ya manne da salansa ko da daɓe, zai koma mai miƙa zafi. Idan laka da baƙin mai suka rufe shi, ƙyallinsa ya tafi, amfaninsa kuma ya ragu, saboda haka yana bukatar wanki lokaci lokaci.

Wasu sukan naɗe bututun da ƙyalle mai jure wuta. Wannan yana rage huci, sai dai yana riƙe danshi da damina ya jawo tsatsa, kuma yawan zafin da ya tsare yana iya tsaga ƙarfen. A nan akwai gargaɗi. Tsofaffin motoci da yawa an yi amfani da asbestos a gaskit, da takalmin birki, da wasu garkuwoyin zafi. Ƙurarsa tana haddasa cutar daji ta huhu, shi ya sa Faransa ta haramta shi a 1997, Tarayyar Turai kuma gaba ɗaya a 2005. Bai kamata a kankare shi ko a hura shi da iska ba, kuma bai kamata a sayi farantinsa a yi sabuwar garkuwa da shi ba.

3.5.4 Shimfiɗa a Daɓe da Rufi

Bayan an toshe kafofi an kuma sa garkuwa, sai a cire kujeru da kafet, a kankare tsatsa, a yi fenti, sa'annan a shimfiɗa abin tsare zafi a kan daɓe, da tudun da giyabos ke ƙarƙashinsa, da cikin katangar inji. Abin da ya fi dacewa shi ne soso mai rufaffun ƙofofi wanda ba ya shan ruwa. Katifar gida da buhun algarara suna shan ruwa su ruɓar da daɓe, wasunsu kuma suna saurin kama wuta. Haka nan takardar kwalta da ake liƙe rufin ɗaki da ita tana narkewa ta cika mota da wari. Ya kamata kuma a bambance tsakanin abin rage ƙara da abin tsare zafi, domin baƙar robar da ake liƙawa saboda ƙara ba ta tsare zafi sosai. Rufin mota ma yana bukatar irin wannan shimfiɗa a ƙarƙashin ƙyallen silin, musamman idan fentin motar mai duhu ne.

3.5.5 Kariya daga Rana da Shigar Iska

Ajiye mota a inuwa ya fi kowace dabara. Inda babu inuwa, sai a sa mayafi mai ƙyalli a gilashin gaba, a rufe kujerun leda da ƙyallen auduga mai haske. Kafin a tashi, a buɗe ƙofofi na minti biyu ko uku iskar da ta taru ta fita. Kusan rabin ƙarfin rana yana zuwa ne a cikin hasken da ido ba ya gani, saboda haka duhun ledar gilashi ba shi ne ma'aunin ingancinta ba. Akwai leda mai haske da ke tare wannan ɓangare ba tare da ta duhunta gilashi ba. A Nijeriya, dokar da aka kafa a 1991 ta hana amfani da gilashi mai duhu sai da izinin hukumar 'yan sanda, don haka mai mota ya nemi sanin ƙa'ida kafin ya liƙa. Bugu da ƙari, a share ganyaye da ƙura daga mashigar iska, a gyara fankar cikin dashbod, a kuma tabbatar kafofin fitar iska na bayan mota ba su toshe ba, domin iska ba ta shiga inda ba ta da mafita.

3.5.6 Na'urar Sanyaya Iska

An ajiye wannan mataki a ƙarshe saboda tsadarsa, kuma saboda na'urar ba za ta yi tasiri ba matuƙar zafi yana shigowa ta ƙasa. Tsofaffin na'urori suna aiki da gas mai suna R-12, wanda aka gano yana lalata rufin ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta tsara daina ƙera shi, wa'adin ƙasashe masu tasowa kuma ya cika a farkon 2010. Wanda ya maye gurbinsa a motoci shi ne R-134a. Sauya tsohuwar na'ura zuwa gare shi yana bukatar a zuƙe tsohon gas, a canja man kwamfreso zuwa wanda ya dace da sabon, a canja tukunyar busar da danshi da ƙananan robobi. Ba a gauraya gas ɗin biyu. Shi ma R-134a yana cikin waɗanda gyaran Kigali na 2016 ya tsara a rage, saboda yana ƙara ɗumamar yanayi. Wajibi ne kuma a tuna cewa na'urar tana ɗora wa inji nauyi, tana kuma zubar da zafinta a gaban lagireto. Idan lagireton ba shi da lafiya, ko ba a ƙara fankar lantarki ba, inji zai tafasa a cikin cunkoson gari.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa zafin cikin tsohuwar mota yana fitowa daga inji da salansa da rana, yana kuma shiga ta jikin ƙarfe, ta iska, da ta huci. An bayyana illolinsa, waɗanda suka haɗa da gajiyar direba, haɗarin barin yaro a mota, da shaƙar kabon monoksaid. An kuma jera matakai shida na gyara, daga duba inji da hita, zuwa toshe kafofi, sa garkuwa, shimfiɗa, kariya daga rana, da na'urar sanyaya iska. Matakai uku na farko ba su bukatar kuɗi mai yawa, makanikin unguwa da mai walda za su iya yin su, kuma ba su canja kamannin motar na asali, abin da masu adana tsofaffin motoci ke ba muhimmanci.